Yadda za ka ajiye irin fis daga lambunka har shuka ta gaba

Duk shekara idan sanyin hunturu ya fara kaɗawa a watan Nuwamba, masu lambu kan bazama shagunan kayan gona neman irin fis, wannan koren waken mai zagayayyar ƙwaya da ake zubawa a soyayyar shinkafa da haɗin salak. Wani ya samu, wani ya tarar ya ƙare, wani kuma a sayar masa da tsohon iri da ya sha zafin bazara a kan kanta, ya shuka rabi ya ƙi fitowa. Abin yana damuna ƙwarai, domin a cikin kayan lambun da muke nomawa da wuya a sami wanda ajiye irinsa ya kai na fis sauƙi. Kabeji da karas sai sun sha dogon sanyi kafin su yi fure, idan sun yi ma ƙwari su cakuɗa su da na maƙwabta. Shi kuwa fis, ƙwayar da kake ci ita ce irin. Abin da ake buƙata kawai shi ne ka san wane gindi za ka bari, ka yi haƙuri ya ƙosa, sannan ka tsare shi daga danshi da ƙwaro.

Dalilin da ya sa fis ke gadon uwarsa

Furen fis yana ɗauke da namiji da mace a cikinsa, kuma barbara takan auku tun furen yana rufe. Kafin zuma ta zo, aiki ya riga ya gama. Shi ya sa abin da ka shuka shi kake samu a shekara mai zuwa, tsayinsa da zaƙinsa da lokacin nunarsa. Wannan hali ne ya sa Gregor Mendel, malamin cocin nan na garin Brno da ke Jamhuriyar Cek a yau, ya zaɓi fis ya yi gwaje-gwajensa tsakanin 1856 da 1863, waɗanda daga bisani suka zama tushen ilimin gadon halitta. Ya lura cewa dogo dogo yake haifa, gajere gajere, sai fa idan mutum ya buɗe furen da hannunsa ya haɗa su.

Akwai wani alheri kuma. Tumatir da kabeji da yawa da ake sayarwa yanzu 'yan aure ne, waɗanda ake rubuta wa F1 a jikin takarda, kuma idan ka ajiye irinsu 'ya'yan sukan fito barkatai. Da ƙyar za ka ga fis ɗan aure a kasuwa, saboda haɗa furensa ɗaya bayan ɗaya da hannu ya fi ƙarfin riba. Ke nan kusan duk fis ɗin da ka saya ka shuka, za ka iya riƙe irinsa.

Duk da haka, idan kana da iri biyu a lambu, ka raba su da tazarar mita 3 zuwa 6, ko ka sa layin albasa ko latas a tsakani. Ba barbara kaɗai ake gudu ba. Fis yana da yaɗo, hannuwansa kan sarƙe da na kusa, ranar roro kuma sai ka kasa gane wanda ya fito daga wane gindi.

Ga mai farawa, ka san abin da ba ya tsira. Ɗanyen fis da ake ɓarewa a kasuwa bai ƙosa ba, ko ka shanya shi yanƙwanewa zai yi kawai. Na gwangwani dafaffe ne, na firiza kuma an tsoma shi a tafasasshen ruwa kafin a daskarar. Busasshen da aka raba biyu shi ma ya mutu. Sai dai ka fara da irin shago mai kyau, ko ka roƙi wani manomi da ka ga gonarsa da idonka. Irin shago da ka gani an shafa masa launi ja-ja ko shuɗi, magani ne a jikinsa, kada ya shiga tukunya, kada yara su yi wasa da shi.

A gona ake zaɓen iri

Nan ne akasarinmu muke kuskure, ni ma na yi shi. Shekarata ta farko na yi ta cira ina sayarwa har sau huɗu, sai da ganye ya fara ja na ce to bari in bar ragowar ta zama iri. Abin da na tara 'yan ƙananan kwanso ne masu ƙwaya uku-uku, waɗanda gindin ya haifa bayan ƙarfinsa ya ƙare, ga zafi ya shigo, ga farar ƙura ta lulluɓe ganye. Da na shuka su a shekara ta biyu, fitowar ta yi gibi-gibi, yabanyar ba ta da kuzari. Ragowar kasuwa na ajiye, ba iri ba.

Abin da ya dace shi ne ka ware gindin iri tun suna fure. Ka shiga lambu da safe ka bi layi a hankali. Kana neman gindin da ya fito da wuri, kararsa ta yi kauri, ganyensa kore shar babu tabo, babu nannaɗewa, babu ɗigo-ɗigon rawaya. Ka ɗaura masa jan ƙyalle ko zare a jikin sandar da yake hawa. Bayan mako biyu ka sake dawowa: wanda ya cika kwanso, dogaye masu ƙwaya shida zuwa takwas, ya ci gaba da riƙe ƙyallensa, wanda ya ba ka kunya ka kwance. Daga ranar nan babu mai taɓa waɗannan gindin, ko kwanso ɗaya. Ka gaya wa yara da masu taya ka cira, domin su mafi kyawun kwanso hannu ya fi saurin kai wa.

Idan ɗaura ƙyalle ya yi maka yawa, ka ware ƙarshen layi guda ko fangali ɗaya sukutum, ka tumɓuke duk wani gindi da ya bambanta da 'yan'uwansa. Idan fis ɗinka mai farin fure ne sai ka ga ɗaya ya yi fure mai launin shunayya, ko gajere ne sai ɗaya ya zarce sauran tsayi, to baƙo ne ya shigo cikin irin. Ka cire shi ka ci 'ya'yansa.

Ka kula musamman da gindin da ganyensa ya murɗe, ya yi rodi-rodi, ya tsumbure. Akwai cutar fis da darɓa ke yaɗawa wadda take shiga har cikin ƙwaya, ta bi iri zuwa shuka ta gaba. Haka ma baƙaƙen tabo masu lotsawa a jikin kwanso, cutar tana ratsa ɓawo ta kai ga ƙwaya. Irin wannan gindi ba a cin gadonsa ko da ya fi kowa 'ya'ya.

Gindi nawa za ka bari? Ɗaya ma yana ba da irin da zai tsira, amma kada ka dogara da ɗaya. Don amfanin gida, 5 zuwa 10 sun isa. Idan kana son riƙe irin shekara da shekaru, ka kai 20 ko fiye. Lissafin ba wuya: a ce kowane gindi ya ba ka ƙwaya 50, gindi 20 sun ba da 1,000 ke nan. Idan kana shuka da tazarar santimita 5, wannan ya ishi layi mai tsayin mita 50. Sai ka auna da girman lambunka, ka ƙara kaɗan saboda ɓeraye da cike gibi.

Jiran ƙosawa

Daga ranar da kwanso ya isa ci zuwa ranar da ya isa iri akwai kamar mako uku zuwa huɗu. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba yakan fara cin ɗanye bayan kwana 60 zuwa 70, wato wajen ƙarshen Janairu, irinsa kuma ya bushe a cikin Fabrairu. Wannan lokaci ya yi mana daidai, domin iskar hunturu tana busar da komai, ga shi babu fargabar ruwan sama. Amma wanda ya makara da shuka har Janairu yana cikin hatsari. Fis ɗan sanyi ne, idan zafin rana ya doshi digiri 30 sai fure ya riƙa zubewa, ƙwayar da ta samu kuma ta motse. Don haka fangalin iri ya zama cikin shukarka ta farko.

Ka ci gaba da ban ruwa kamar kullum muddin kwanso kore ne, saboda a wannan lokaci ƙwaya ke tara abincin da za ta tsira da shi. Idan na ƙasa sun fara komawa rawaya sai ka rage, idan yawancinsu sun juya sai ka ɗauke ruwa gaba ɗaya. Kuma ruwan ya bi ƙasa, kada a watsa shi a kan kwanso.

Za ka ga launi yana sauyawa daga kore zuwa rawaya, daga nan zuwa ruwan ƙasa mai haske. Ɓawon ya zama kamar takarda, siffar ƙwayoyin ta fito ɓaro-ɓaro ta waje. Ka tsinki ɗaya ka girgiza kusa da kunne. Idan ka ji yana kacau-kacau, ya yi. Idan shiru, ko ka danna ka ji laushi, ka ba shi kwanaki. Sauri ya haifi nawa: ƙwayar da aka cire tana kore ko ta tsira ba ta daɗewa a ajiye.

Kwanson ƙasa ne ke fara bushewa, na sama su biyo baya, don haka roron ba na rana ɗaya ba ne. Ka riƙa zagayawa duk bayan kwana biyu ko uku, kamar yadda ake roron wake. Idan ka bar su suka wuce lokaci a busasshiyar iskar nan, kwanso yakan tsage da kansa ya watsar da ƙwaya, kurciya da ɓera su yi biki. Na fi son roro da hantsi, bayan raɓa ta ɗauke amma rana ba ta yi ƙarfin da kwanso zai fashe a hannu ba.

Masu noma fis da damina a wurare masu sanyi irin tsaunukan Filato, nasu ya bambanta. Ruwa yana iya saukowa a kan kwanson da ya kusa bushewa, ya yi fumfuna ko ƙwaya ta fara tsira a ciki. Idan yawancin kwanso sun yi rawaya kuma hadari bai daina ba, a yanke gindin gaba ɗaya, a ɗaure shi dami-dami ƙanana, a rataye kai ƙasa a rumfa ko zaure mai iska na mako biyu zuwa uku, a shimfiɗa buhu a ƙasa ya tari masu zubowa. Na ce a yanke maimakon a tuge, domin saiwar fis tana da 'yan ƙulle-ƙulle masu ƙara wa ƙasa taki, gara ta ruɓe a inda take.

Shanya da ɓara

Ko da kwanso ya bushe a gona, ka ƙara shanya shi mako ɗaya a kan tabarma ko faifai, a baje ba a tsibe ba, a inuwa mai iska. Kada ka shanya iri a kan kwano ko siminti da tsakar rana. Abin da za a ci ba ruwansa da wannan, amma iri abu ne mai rai, zafin da ya haura digiri 40 yana raunana shi tun ba ka gani ba. Da yamma ka shigar da shi ɗaki saboda raɓa.

Idan kaɗan ne ka ɓare da hannu, ya fi komai. A nan ma za ka sake zaɓe: kwanson da ya cika ka ɓare a ƙwarya ɗaya, mai ƙwaya biyu ko uku ka ware shi na miya. Idan da yawa ne, ka zuba a buhu ka ɗaure baki, ka murza da hannu ko ka taka a hankali ba takalmi. Kada ka sa a turmi, kada ka casa da sanda kamar dawa. Busasshiyar ƙwayar fis tana tsagewa ta ciki ba tare da fatar ta nuna ba, sai ranar shuka ka ga tsiro ya fito gurgu ko bai fito ba sam. Bayan nan ka sheƙe, ka bakace a faifai. Kowar da ta rage da harawar, awaki da tumaki suna so.

Sai tsinta. Ka baje ƙwayar a farin faranti a wuri mai haske, ka fitar da fasassu, da ƙananan da suka motse, da masu baƙin tabo, da duk mai huji. Amma a nan akwai abin lura, domin na ga wanda ya zubar da rabin irinsa mai kyau. Fis iri biyu ne idan ya bushe: akwai mai sumul kamar dutsen ado, akwai mai tamoji kamar fatar tsoho. Mai tamojin ba lalacewa ya yi ba, halittarsa ce, kuma shi ne ma ya fi zaƙi, saboda sukari ya fi yawa a cikinsa, idan ruwa ya fita sai fatar ta tattare. Wannan bambanci yana cikin halaye bakwai da Mendel ya bi diddiginsu. Idan duk irinka mai tamoji ne, haka yake. Wanda za ka cire shi ne wanda ya fita daban da sauran. Launi ma haka, wani iri kore yake bushewa, wani ruwan madara.

Bayan ɓara ka sake baje ƙwayar a inuwa na mako ɗaya zuwa biyu, kana juyawa kullum. Kada ka tsallake wannan. Ga yadda za ka tabbatar ta bushe: ka danna da farce, bai kamata ya bar alama ba. Ka ɗora ɗaya a kan dutse ka buga da guduma, idan ta tarwatse ta yi, idan ta lotse ta baje da saura. Tsofaffin manoma da haƙori suke gwadawa, su ji ta ce ƙas. Akwai kuma gwajin gishiri: ka zuba ɗan busasshen gishiri da 'yan ƙwayoyi a busasshiyar kwalba, ka rufe ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai sauran danshi.

Ƙwaro

Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san wannan baƙin ciki: ka buɗe buhu bayan wata uku ka tarar da gari da ƙwari suna tashi. Dangin ƙwaron nan ba sa ƙyale fis. Tun a gona uwar take saka ƙwai a jikin kwanso, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwaya, ta yi ta ci a ɓoye. Ƙwayar da ka gani lafiya lau tana iya ɗauke da ita. A zafi irin namu cikin wata guda ta zama ƙwaro ta fito, masu hayayyafa a ajiya kuma su sake saka ƙwai a kan sauran. Hausawa suka ce wake ɗaya ke ɓata gari, a nan maganar ba karin magana ba ce kawai.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce hana su iska. Ka sami kwalba mai murfin da ke rufewa gam, ko robar ruwan sha da aka wanke ta bushe ƙarau, ko ƙaramar jarka. Ka cika ta da iri har wuya, kana bubbuga gindinta don ya zauna, ka sa leda a baki sannan ka murɗa murfi. Abin da ke ciki zai shaƙe 'yar iskar da ta rage ya mutu. Sirrin shi ne cikawa. Idan irin kaɗan ne ka nemi ƙaramin mazubi, kada ka bar rabin kwalba fanko. Kuma kada ka riƙa buɗewa kana leƙawa, ka bar ta aƙalla wata biyu. Wannan dabara ce ke cikin buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro kuma manoman wake a Najeriya da Nijar suka san shi sosai. Mai iri da yawa zai iya amfani da shi.

Toka ma tana aiki, iyayenmu da ita suka riƙe irin wake a tulu. A sami tokar itace da ta huce, a tankaɗe, a cakuɗa awo ɗaya na toka da awo ɗaya na iri, a rufe saman da wata tokar mai kaurin yatsu biyu ko uku. Tana toshe ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaro ya rasa hanyar yawo.

Mai firiza da tsayayyiyar wuta zai iya sa irin a rufaffiyar kwalba ya ajiye a ciki kwana 5 zuwa 7, sanyin yana kashe ƙwai da tsutsa. Sharaɗi biyu ne: irin ya bushe sarai, in ba haka ba ruwan cikinsa ya daskare ya kashe shi, kuma idan ka fito da kwalbar kada ka buɗe sai ta kwana ta daina gumi. Idan wutar unguwarku tana zuwa tana ɗaukewa, ka bar wannan hanya. Ƙwayar maganin hayaƙi da 'yan kasuwa ke jefawa a buhunan hatsi kuwa, ina roƙonka kada ka kawo ta gida saboda tiya ɗaya ta iri. Gubarta tana kashe mutum, musamman a ɗakin da ake kwana.

Inda zai zauna

Danshi da zafi su ne ke cinye ran iri. Masana suna da wani ƙiyasi da ya daɗe: duk raguwar danshin ƙwaya da kashi 1 cikin 100 tana ninka tsawon ranta, haka ma duk raguwar zafin wurin ajiya da digiri 5. Irinmu kuwa sai ya ratsa zafin Maris da Afrilu, ya ratsa laimar Agusta, kafin ya ga Nuwamba. Saboda haka ka nemi wuri mafi sanyi da duhu a gida. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba. Ƙarƙashin gado ya fi saman sif, kusa da rufi zafi ke taruwa. Ka nisanta shi da madafi da taga. Wasu kan sa kwalbar a cikin busasshiyar randa su rufe, dabara ce mai kyau, tana kuma tsare ɓera.

Idan kana da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka jefa ɗaya a kwalbar. Busasshen gawayi a ƙulle cikin ƙyalle shi ma yana taimakawa. Ka rubuta sunan irin da wata da shekara a takarda biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Idan ba ka san sunansa ba ka rubuta inda ka samo shi da kamanninsa, misali dogo mai farin fure. Ka raba irin mazubi biyu, idan ɗaya ya sami matsala ɗaya ya tsira. Wanda aka adana da kyau yakan kai shekara uku yana fitowa, amma a yanayinmu na fi son a sabunta shi duk shekara, a riƙe na bara a matsayin madogara idan shukar bana ta ƙi.

Mako biyu kafin shuka, wajen ƙarshen Oktoba, ka gwada shi. Ka ɗebi ƙwaya 20 ba tare da zaɓe ba, ka jera a tsumma mai ɗan danshi, ka naɗe, ka sa a leda da bakinta a sake, ka ajiye a inuwa. Ka riƙa dubawa kada ya bushe, kada kuma ya jiƙe sharkaf, domin mai tamoji yana saurin ruɓewa. Bayan kwana 7 zuwa 10 ka ƙirga waɗanda suka fitar da saiwa mai ƙarfi. Idan 17 ko fiye suka tsira, ka shuka yadda ka saba. Idan tsakanin 12 da 16 ne, ka ƙara yawan ƙwaya a layi. Idan bai kai 12 ba, ka nemi sabo tun bai ƙare a shaguna ba. Ranar shuka kuma ka sauya masa fangali, kada ya koma inda fis ko wake ya zauna a shekara uku da suka wuce, saboda cututtukan saiwarsa suna daɗewa a cikin ƙasa.